Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ya Kamata A Yi Wa Dattijon Mawaƙi Faifai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna neman alfarmar fili a jaridarka, ko da zancen zai ɗan yi tsawo. Mu makaɗa ne da masu aikin ɗaukar sauti a nan Garwa, kuma akwai abin da ya daɗe yana damunmu game da yadda ake yi wa dattawan mawaƙanmu faifai, daga Ngaundere zuwa Marwa, har Kusuri da tsallaken kogi a Njamena. Mutum ya shekara talatin ko arba'in yana waƙa a gidan biki da dandali, muryarsa ta nuna, ta yi nauyi. Ranar da ya samu ɗan kuɗin shiga situdiyo sai a zaunar da shi gaban fiyano, a danna masa kiɗan da ya zo cikin na'ura tun daga kamfani, a bi muryar da Auto-Tune, manhajar daidaita sautin murya, a miƙar, a zuba mata amsa-kuwwa har kalmomi su narke. Abin da ke fitowa, ko 'yan amshinsa ba sa gane shi a ciki. Wannan asara ce da ba a mayarwa, domin muryar ɗan shekara saba'in ba za ta jira mu mu koyi aiki ba.

Akwai wata hanyar, kuma waɗanda suka fi mu kayan aiki ma ita suka bi. A watan Agustan 2006 Bob Dylan, mawaƙin Amurka, ya fitar da faifansa Modern Times yana da shekara 65. Waƙoƙi goma ne, rok da buluz da kantiri a cakuɗe. Shi ya shirya abinsa da kansa a ƙarƙashin sunan aro, Jack Frost, kuma makaɗan da ke yawon wasa tare da shi su suka yi kiɗan. Muryarsa a lokacin ta dushe, ta yi kaushi, ba ta hawa inda take hawa a shekarun 1960. Ba a ɓoye wannan ba. A gaba aka sa ta, kiɗa ya ja baya ya ba ta wuri. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin faifai na Amurka, abin da rabonsa da samu tun 1976, ya kuma ci lambar Grammy biyu. Kafin shi, a 1993, mai shirya faifai Rick Rubin ya zaunar da mawaƙin kantiri Johnny Cash mai shekara 61, daga shi sai jitarsa, aka ɗauki yawancin waƙoƙin a cikin gida, ba a babban situdiyo ba, kuma faifan nan ne ya dawo da sunan Cash bayan kasuwa ta juya masa baya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai gurmi da kiɗan Amurkawa. Ruwansa da yawa. Kaɗe-kaɗen nan uku 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma suna da dangi a wajenmu. Banjo, wanda kiɗan kantiri ya tashi da shi, tsatsonsa na dangin molo da garaya ne na Afirka ta Yamma, bayi suka ƙera shi a nahiyar Amurka da duma da fata. Hank Williams, jigon mawaƙan kantiri, a hannun wani baƙar fata mai kiɗa a titi, Rufus Payne, ya koyi jita a jihar Alabama. A 1954 faifan Elvis Presley na farko ya fito daga situdiyon Sun na birnin Memfis da waƙar buluz ta Arthur Crudup a fuska ɗaya, waƙar mutanen karkara ta Bill Monroe a ɗaya fuskar. A 1994 Ali Farka Touré na Mali da Ry Cooder na Amurka suka fitar da faifai tare, kowa yana kan kiɗan gidansu, ya ci Grammy. A nan gida ma marigayi Ali Baba na Garwa da marigayi Maître Gazonga na Cadi sun riga sun nuna cewa jita tana iya ɗaukar kiɗanmu, kunnen jama'a kuwa ya san Don Williams da Jim Reeves tun zamanin kaset. Ba cewa muke dattijo ya koma waƙar Turawa ba. Tsarin aikin muke so a ara: makaɗa kaɗan, 'yan Adam masu rai, a ɗaki ɗaya, murya a gaba.

Wajen bugu ake fara kuskure. Buluz yana tafiya a kan awo goma sha biyu, kowane awo bugu huɗu. Idan a Mi ake, a sunayen sautuka na Do, Re, Mi, awo huɗu na farko Mi, biyu La, biyu a koma Mi, ɗaya Si, ɗaya La, biyun ƙarshe Mi, sai a sake zagayowa. Mawaƙi yakan jefa ɗango, ya maimaita shi, sannan ya kawo na ukun da zai rufe zancen, kuma kowane ɗango wajen rabin wurinsa kawai yake ci, ragowar na jita ne ta amsa. Duk wanda ya san waƙa da amshi ya san wannan ginin. Kowane bugu kuma uku ake raba shi, a taɓa na farko da na uku a bar na tsakiya, sai ka ji dogo, gajere, dogo, gajere. Rok biyu yake raba bugu, daidai wa daida, ƙaramar ganga ta faɗi da ƙarfi a kan na biyu da na huɗu. Kantiri kuwa bas ce ke riƙe da shi: ta taka Mi a bugun farko, Si a na uku, jita ta share a na biyu da na huɗu. To mai kalangu ya taso da hannun da ya saba rabon uku, mai gangar bature kuma ya koyi rabon biyu a coci ko a gidan rawa. Idan ba a zauna an yanke wa kowace waƙa hukunci ba, sai su yi ta taka ƙafar juna, kuma babu gyaran kwamfutar da zai raba su. A fara tafa waƙar da hannu, babu kayan kiɗa, a kalli yadda dattijon ke kaɗa ƙafa. Abin da ƙafarsa ta ce shi za a bi.

Kada a sa masa agogon bugu a kunne. Tsofaffin masu buluz irin su John Lee Hooker ba su damu da ƙirga awo ba. Yakan tsaya kan akor ɗaya, wato jerin sautukan da ake bugawa tare, har waƙa ta ƙare, ko ya ja ɗango ya wuce iyaka, makaɗa su bi shi. Dattawanmu haka suke. Idan kirari ya zo masa, ko sunan wani da zai ambata har da na mahaifinsa, ɗango ya ƙara tsawo ke nan. Mai bas ya zuba wa bakinsa ido, kada ya sauya akor sai ya ga ɗango ya sauka. In zagaye ɗaya ya zama awo goma sha uku, a bar shi a sha ukunsa.

Inda fiyano ta fi ɓarna kuwa shi ne sautukan kansu. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya. A Mi, su ne Mi, Sol, La, Si, Re, kuma su ne dai ginshiƙin buluz, sai dai shi yakan taɓa Si bemol, wato rabin mataki ƙasa da Si, a wucewa. Amma Sol ɗin da dattijo ke rerawa ba Sol ɗin fiyano ba ne, ba kuma Sol diyez da ke rabin mataki sama da shi ba. Tsakani take, wani lokaci ta taso daga ƙasa ta zame sama kafin ta zauna. Mai fiyano idan ya danna cikakken akor na Mi, wato Mi, Sol diyez, Si, sai sautin tsakiyar nan ya yi karo da muryar, a ji kamar mawaƙin ne ya kauce. Daga nan sai a ce tsoho ya daina riƙe murya, a kunna Auto-Tune, ita kuma aka bar ta a kan matakai goma sha biyu na fiyano, ta fizgi muryar ta kai ta mafi kusa. Abin da aka goge ɗin shi ne abin da ke sa mutane su tsaya a bakin hanya su saurare shi.

Maganin ba shi da wuya. Jitar rakiya ta bar sautin tsakiya gaba ɗaya, ta riƙa buga Mi da Si kawai, idan an koma La ta buga La da Mi. Hakan ya bar wa murya fili ta zauna inda ta ga dama. Mai jitar gaba ya koyi tura tsirkiya da yatsa ɗan kaɗan, kwatankwacin rubu'in mataki, har ya samu sautin da dattijon yake kai. Ko ya sa wuyan kwalba a ƙaramin yatsa ya riƙa zamewa a kan tsirkiyoyi yadda masu buluz na Misisipi ke yi. Don wannan ana sake ɗaurin jitar, daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya: Re, Sol, Re, Sol, Si, Re. A sa tsirkiyoyi masu ɗan nauyi, waɗanda siririyarsu ta kai lamba 12 ko 13, a ɗaga su kaɗan daga wuya don kada kwalba ta riƙa bugun ƙarafa. A wannan ɗaurin tsirkiyar Si ce mai sautin tsakiya, in ta yi karo da murya a danne ta da yatsan hannun dama. Bakin kwalbar a goge shi sosai a kan dutse da ruwa, domin yana yanka. Goge da kukuma sun fi kowa dacewa a nan, tunda babu ƙarfen da zai tsare musu hanya, kuma gurbin da gogen Turawa ke zama a kiɗan kantiri nasu ne kai tsaye.

Jita ce ke bin gurmi, ba gurmi ke bin jita ba. Gurmi da garaya fata ce a shimfiɗe. Da hunturu ta ɗame sauti ya hau, da damina ta saki ya sauka. A bar mai gurmi ya ɗaura abinsa inda ya dace da muryar maigidansa, sannan a juya na'urar saita jita daga 440 zuwa 435 ko 432, duk inda ya yi daidai, kowa ya saita a kan wannan. A sake dubawa kafin kowace ɗauka, domin zufa da numfashin mutum shida a rufaffen ɗaki sun isa su saki fata.

Sai muryar kanta, wadda dominta aka taru. Shekaru suna rage mata zango, musamman ta sama, suna kuma gajarta numfashi. Kafin a ɗauki komai a roƙi dattijon ya rera waƙar shi kaɗai, a nemo sautin da ya fi ƙasa wanda ke fita tas, da wanda ya fi sama wanda ba ya sa jijiyar wuya ta tashi. A zaɓi matakin da ƙololuwar waƙar za ta tsaya aƙalla mataki ɗaya ƙasa da iyakarsa. Galibi sai an sauke waƙar mataki ɗaya ko ɗaya da rabi daga inda yake yin ta yana saurayi. Ba lallai ya so ba, zai ce a can ya saba. A ɗauki duka biyun a waya a sa masa ya ji da kunnensa, a keɓe, ba a gaban yaransa ba, a ce “Baba, wanne ya fi maka?” Masu jita su sassauta tsirkiyoyi duka rabin mataki ko mataki guda, don yatsunsu su ci gaba da bin hanyar da suka saba.

Kada a maimaita waƙa fiye da sau uku ko huɗu a zama ɗaya, kada a wuce waƙa biyu a yini. Ɗaukar farko yawanci ta fi rai, ta biyu ta fi tsabta, daga ta biyar murya ta soma bushewa, sai gyara ya koma ɓatawa. Ruwa mai ɗumi ya kasance kusa da shi, ba na ƙanƙara ba. Goro a bari sai an tashi, domin yana busar da baki. Ba a ɗaukar murya da farkawa daga barci, a ba ta awa biyu ta buɗe, kuma ba a ɗaukarta da rana a watan azumi.

Akwai abin da matasan da ke gaban kwamfuta suke yi da kyakkyawar niyya: suna bin layin murya suna yanke duk wani numfashi. Ku saurari dattijo kafin ya jefa ɗango mai nauyi. Akwai ɗan jan iska, leɓe ya rabu da 'yar ƙara, kalmar farko ta fito da kaushi kafin ta daidaita. Idan aka cire wannan, ɗangon sai ya faɗo haka nan, mai sauraro ba ya jin mutum a bayansa. In numfashin ya yi yawa a rage shi da desibel 3 ko 4 a ma'aunin ƙara, amma a bar shi a wurinsa.

Hausa ma tana da sharuɗɗanta da kiɗan aro dole ya kiyaye. Gaɓoɓinmu akwai masu nauyi akwai marasa nauyi, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana: wanda ya ja farkon “gari” don ya cika bugu ya bar maganar birni ya koma maganar garin tuwo. Rabon uku na buluz yana karɓar Hausa cikin sauƙi matuƙar gaɓa mai nauyi ta faɗa kan dogon. Haka karin sauti, inda kalma ke sauka a magana kada rauji ya tilasta mata hawa. Dattijon ya fi kowa a ɗakin sanin wannan, don haka in kalma da kiɗa suka saɓa, kiɗa ne zai gusa. Kada kuma a matsa masa ya yi waƙar samari don neman kasuwa. Abin da ke hannunsa babu shi a hannun yaro: abokan da suka riga shi, bashi, tafiya, haƙuri, unguwar da ta sauya a gaban idonsa. Buluz da kantiri dama a kan irin waɗannan suka ginu.

Makaɗa biyar sun isa: ganga, bas, jitar rakiya, jitar gaba ko goge, sai gurmi ko kalangu. A yi gwaji mako ɗaya ko biyu a gida, ana ɗauka da waya ana saurare, don kada a je situdiyo koyon waƙa. John Hiatt ya ɗauki faifansa na 1987 cikin kwana huɗu da makaɗa uku kacal, Ry Cooder da Nick Lowe da Jim Keltner, saboda kowannensu ya san lokacin da zai yi shiru. Akwatin shigar da sauti mai baki takwas ya ɗauke kowa: murya ɗaya, jitar katako ɗaya, amfilifaya ɗaya, bas kai tsaye ta waya ɗaya, ganga biyu, ɗaya gaban babbar ɗaya ta sama, gurmi ɗaya, kalangu ko goge ɗaya. Kalangu yana magana ne a kusa da zangon muryar mutum, saboda haka ya riƙa shigowa a giɓin da ke tsakanin ɗango da ɗango, kada ya hau kan kalma.

Ɗakin ya kai kamar mita 4 da 5, kada tsawonsa da faɗinsa su zo ɗaya. A tsaya tsakiya a tafa sau ɗaya. In aka ji ƙara tana karkarwa tsakanin bango da bango, a jingina katifu a kusurwoyi, a rataya barguna da ɗan rata daga bango, a shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa ba ya hana komai, sai tara ƙura da haɗarin gobara. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano nesa ba kusa ba, domin kwano yana ƙara da tsakar rana in ya ɗau zafi, da ruwan sama kuwa sai a tashi. Bayan isha'i, lokacin da babura suka ragu, shi ne lokacin aiki. A kashe fanka minti biyar na ɗauka, a buɗe ƙofa a sha iska, a koma.

Dattijon ya fuskanci makaɗa, ta yadda bayan makirufonsa zai kalli ganga, domin ta bayan ne irin wannan makirufo ba ya ji. Shure SM58 ya isa. Makirufo mai tsananin ji, wanda ke buƙatar wutar bolt 48, ya fi kyau a gyararren ɗaki, amma a ɗakin siminti sai ya kwaso bango da babur da zakara. Tazarar baki ta zama santimita 10 zuwa 15, a karkatar da makirufon kaɗan gefe, a sa matacin iska ko da safar nailan ce aka ɗaura a zoben waya, domin “f” ɗinmu da leɓe biyu ake hura ta. Idan makirufo yana santimita 20 daga gurmi, na kusa da shi ya yi nisan aƙalla santimita 60, wato ninki uku, in ba haka ba sautukan su cinye juna kiɗa ya yi siriri. Amfilifaya ƙarama ta wat 5 zuwa 15 ta fi babba, a kai ta ɗakin gefe, a sa mata makirufo SM57 santimita 3 zuwa 5 daga raga, ɗan gefen tsakiyar lasifika. Mai ganga ya yi amfani da burushi ko siraran sanduna, ya ɗora ƙyalle kan ƙaramar ganga. A ɗauka a bit 24 da kilohaz 48, ƙololuwar sauti kada ta wuce desibel 10 ƙasa da sifiri. Layi takwas na waƙar minti biyar suna cin kusan megabayit 350, kuma kafin kowa ya tafi gida a kwafe aikin yinin a wuri biyu.

Wutarmu bolt 220 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, kuma wannan 50 ɗin ce ke shiga jitar lantarki ta zama gunjin da ake ji a ƙarƙashin faifai da yawa. A jona dukan kayan a kan layi ɗaya, a cire cajar wayoyi, a kashe wayoyin. Mai jita ya juya jikinsa a hankali har ya samu fuskar da gunjin ya fi raguwa, ya zauna a haka. Kada a taɓa yanke wayar ƙasa don kashe gunji. Wanda ke riƙe da tsirkiya ya kai leɓe ga makirufo, wuta na iya jansa har lahira. A kira mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa ta gaskiya. Da bazara, in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci, janareta kuma ƙararsa tana ratsa bango. Batir ya fi: mai bolt 12 da amfa 100 yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya, rabinsa ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato kayan da ke jan wat 150 za su yi kusan awa huɗu. Sai dai inbata ta zama mai tsabtataccen zagaye, domin mai arha ita ma tana zuba tata ƙarar.

Jitar katako tana son damshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauko da shi ƙasa da 20. Fuskarta ta lotsa, tsirkiya ta fara zizar ƙarfe, daga baya ta tsage. A huda gidan sabulu na roba, a sa soso mai danshi wanda aka matse sosai, a ajiye cikin akwatin jitar a rufe. Kada a bar ta cikin mota a watan Maris ko Afrilu, manne yana saki.

Wajen haɗa sauti a yi kaɗan. A yanke wa murya abin da ke ƙasa da haz 80, a ɗan rage tsakanin 250 da 400 in ta yi duhu, a matse ta uku bisa ɗaya ta yadda ba za ta rasa fiye da desibel 3 zuwa 5 ba. Na'urar rage kaifin “s”, wadda ke aiki tsakanin kilohaz 5 da 8, a yi hankali da ita, in ta yi yawa “ts” ta koma “s”. A maimakon doguwar amsa-kuwwa a sa gajeriya mai dawowa sau ɗaya bayan kashi 80 zuwa 120 cikin dubu na daƙiƙa, irin wadda situdiyon Sun ya yi suna da ita. Tana ƙara wa murya jiki ba tare da ta ci kalmomi ba. Jama'armu a waya da ƙaramar rediyo za su ji, don haka a gwada a can, a lasifika ɗaya, a ɗaga wa bas kaɗan tsakanin haz 700 da 1,000 don ta fito. Ƙarfin ƙarshe ya tsaya wajen 14 ƙasa da sifiri a LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti, kusan inda Spotify da YouTube ke daidaita waƙoƙi. Wanda ya matse ya wuce nan, za a rage masa ƙara, matsin kuma ya zauna. Waƙa tara ko goma, minti 40 zuwa 45, kada biyu masu mataki ɗaya da sauri ɗaya su bi juna: mai bugu 65 a minti, sai mai 100, sai mai 130.

Abu guda ne ba mu yarda a koya daga Modern Times ba. An soki faifan saboda wasu waƙoƙinsa sun ginu a kan tsofaffin waƙoƙin buluz da aka sani a bakin Muddy Waters da Memphis Minnie, amma a jikin faifan sunan Dylan kaɗai aka rubuta. A wajenmu aron kari da amshi tsohon abu ne, sai dai da zarar an shiga faifai an shiga maganar haƙƙi. In amshin na ubangidan da ya koya masa waƙa ne, a rubuta sunansa. In na gargajiya ne, a rubuta haka. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000, ana rajistar waƙa a SONACAM, ƙungiyar kula da haƙƙin mawaƙa, a Cadi kuma a BUTDRA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar. Kafin a kunna na'ura a rubuta takarda: wa ya tsara kalmomi, wa ya tsara kari, wa ya yi kiɗa, wa aka sallama da kuɗi sau ɗaya, wa ke da kaso, kuma a hannun wa asalin sautin zai zauna. Takardar da Faransanci za ta kasance, don haka a karanta wa dattijon ita da Hausa ko Fulatanci a gaban ɗansa ko wani amintaccensa kafin ya sa hannu, a ba shi kofinsa da kofin asalin sautin.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, idan jaridarka za ta ba da labarin sabon faifai, a riƙa buga sunayen makaɗan da abin da kowa ya kaɗa, da garin da aka ɗauka, a kuma faɗa ko mutane ne suka yi kiɗan ko na'ura. Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu makaɗa da masu ɗaukar sauti,
Garwa, Kamaru.